Lissafi muke yi ko addini? Tambayar wata ɗaliba da ta tayar da ƙura a zaure

Mai Alli:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya faru da ni a aji makon jiya, har yau yana yi mini yawo a kai. Lissafi nake koyarwa, kuma mun iso babin su rabi da sulusi da rubu'i. Don yara su ga amfanin abin, sai na kawo musu misalin gado: mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwanta mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye. Miji yana da rabi, su biyun suna da biyu bisa uku. Na ce a ɗauka dukiyar kashi 42 ce. Rabi 21 ke nan, biyu bisa uku kuma 28. Da suka haɗa sai suka ga 49. Aji ya kaure da surutu, wai ina za a samo sauran bakwai ɗin? Ana cikin haka wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yanzu lissafi muke yi ko addini?" Na ce mata duka biyun, amma wallahi ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. Shi ne na kawo muku. A ina addini yake tsayawa, a ina sauran fannoni suke farawa? Ko kuwa babu katangar ma sam?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ka faɗo da yaran cikin mas'alar auli ba shiri, wato inda rabon magada ya haɗu ya zarce dukiyar. Malaman fara'ili suna ambaton wannan a matsayin irin wadda ta fara tasowa zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Asalin mas'alar daga 6 take: miji 3, 'yan'uwa mata 4, jimla 7. Sai aka ce a raba dukiyar gida 7 maimakon 6, kowa ya ɗanɗana ragin daidai gwargwadon rabonsa. A misalinka miji ya tashi da 18, su kuma 24. Ibn Abbas bai yarda da wannan hanyar ba, amma a kanta mazhabobi huɗu suka tafi.

Game da tambayar yarinyar kuwa, ka ba ta labarin Alkawarizmi. A Bagadaza ya rubuta littafinsa na aljabara, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820. Babban yanki na ƙarshen littafin duk matsalolin wasiyya ne da gado, kuma shi da kansa ya faɗa a gabatarwa cewa ya rubuta ne saboda abin da mutane ke buƙata wajen gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa. Ka ga ke nan tun ranar gini aka yi zane.

Sarkin Gardama:
To an fara. Duk ranar da aka taɓo wannan zance sai an kira Alkawarizmi da Ibn Sina, a yi ta kirari, a watse. Ni tambayata ɗaya ce: wanda bai yi imani da komai ba, idan ya haɗa rabi da biyu bisa uku, wani abu daban zai samu ba bakwai bisa shida ba? Lamba ba ta alwala. Alƙaluman da Alkawarizmi ya yi aiki da su daga Indiya suka zo, kuma mutanen Babila suna warware irin waɗannan lissafe-lissafe fiye da shekara dubu biyu kafin a haife shi. Yarinyar ta fi mu gaskiya, abu biyu ne daban.

Abu Sumayya:
Ɗan'uwa, ba wanda ya ce lamba tana alwala. Abin da nake cewa shi ne, me ya sa mutum ya zauna ya sha wahalar lissafin? Aya ce ta ce miji rabi. Lissafi ba zai taɓa gaya maka cewa miji ya cancanci rabi ba, ko ka shekara kana bugawa. Haka ita ma ayar ba ta koya maka yadda ake daidaita 2 da 3 su haɗu a 6 ba. Ɗaya ya kawo tambaya, ɗaya ya kawo kayan aiki.

Injiniya Mai Awo:
Bari in sa baki da abin da na sani, tunda awon ƙasa ne sana'ata. Alƙibla. Umarnin gajere ne, ka juyar da fuskarka wajen Masallaci Mai Alfarma. To wanda yake nisan kilomita dubu goma fa, ina zai juya? Wannan tambayar ita ta sa irin su Albiruni, wanda aka haifa a 973, suka zurfafa cikin lissafin kusurwoyi a kan abu mai siffar ƙwallo. Kuma har yau tana ba mutane mamaki. Idan ka shimfiɗa taswirar bango, za ka rantse wanda ke New York kudu maso gabas zai fuskanta, domin Makka tana ƙasa da shi a taswirar. Amma ka ɗauko ƙwallon duniya ka ja zare daga can zuwa Makka ta hanya mafi kusa, za ka ga zaren ya nufi arewa maso gabas. Can ɗin kuwa mafi yawan masallatan Amurka suke fuskanta. An yi ja-in-ja a kan wannan sosai a tsakanin Musulmin can, kuma ba aya ko hadisi ake jayayya a kai ba, fahimtar siffar ƙasa ce.

Wani abu kuma, a manyan masallatan Masar da Sham akwai ma'aikaci na musamman da ake kira muwaƙƙit, aikinsa fitar da lokutan salla. Ibn Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, shi ne mai wannan muƙami a Masallacin Umayyawa na Dimashƙa. Ma'aikacin masallaci ne fa, amma tsarin da ya zana na tafiyar wata kusan iri ɗaya ne da wanda masanin taurarin nan na Turai, Kopanikas, ya zo da shi bayan shekara ɗari da wani abu.

Baban Rahila:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ni Kirista ne, kuma na ga hirar ta yi daɗi, bari in kawo namu gefen. Kalandar da ke cikin wayar kowannenku, rigimar ranar idinmu na Ista ce ta haife ta. Tsohuwar kalandar Rumawa tana ɗaukar shekara kwana 365 da rubu'i cif, alhali ta gaza haka da kusan minti 11. Ƙaramin abu ne, amma da aka shekara fiye da dubu sai ya taru ya zama kwanaki, idi ya fara zamewa daga lokacinsa. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sa aka gyara: mutane suka kwanta ranar 4 ga Oktoba, suka tashi 15 ga Oktoba. Abin dariyar shi ne ƙasashen da ba sa bin Paparoma sun ƙi karɓa duk da lissafin daidai ne. Ingila sai 1752, Rasha sai 1918. Kun ga addini ya jawo gyaran, addini kuma ya jinkirta karɓarsa.

Shi ma Mendel da ake karantawa a darasin gadon halitta, ɗan zuhudu ne a gidan ibada a birnin Brno. A lambun gidan ya yi gwaje-gwajensa, ya buga sakamakon a 1866.

Abba Mai Waya:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Komai yana cikin Alƙur'ani. Akwai bidiyon da na gani jiya, an nuna fashewar farkon duniya da saurin haske da komai duk suna ciki tun shekara dubu da ɗari huɗu. Turawa kwafa kawai suka yi. Bari in turo muku.

Sarkin Gardama:
Kada ka turo, don Allah. In dai suna ciki ƙarara haka, me ya hana a ciro su kafin masu bincike su gano? Kullum sai an gano sannan a ce ai dama.

Abu Sumayya:
Abba ƙanina, niyyarka mai kyau ce, amma a nan kam ina bayan Sarkin Gardama, duk da ba kasafai muke haɗuwa a layi ɗaya ba. Alƙur'ani littafin shiriya ne. Yana cewa ku duba sama, ku duba raƙumi yadda aka halicce shi, ku yi tafiya a bayan ƙasa. Umarnin a duba ne, sakamakon dubawar kuma aikinmu ne. Haɗarin abin da kake yi shi ne, idan ka ɗaure aya a jikin wani ra'ayin kimiyya, gobe masu kimiyyar suka canza magana, yaron da ka koya wa haka zai ɗauka ayar ce ta faɗi.

Ka tuna hadisin barkar dabino, wato sanya wa macen dabino garin furen namiji, da ke cikin Sahihu Muslim. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga mutanen Madina suna barkar dabino, ya nuna yana zaton ko ba a yi ba zai yi kyau. Suka bari, dabinon bai yi albarka ba. Da suka gaya masa sai ya ce su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Imam Gazali ma, wanda ake yawan zargi da rufe ƙofar falsafa, ya yi kashedi mai zafi ga masu ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini. Ya ce mai yin haka cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san hujjar lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka.

Baban Rahila:
Malam Abu Sumayya, ka tuna mini da wani abu. Wanda ya kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari, limamin Katolika ne ɗan ƙasar Beljiyam, Lemaitre: maganar faɗaɗar a 1927, ta mafarin a 1931. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna wannan binciken ya tabbatar da labarin halitta. Lemaitre bai ji daɗi ba ko kaɗan, ya nemi a daina haɗa su. Shi mai binciken, kuma mai wa'azi, shi ne ya ce a bar kowanne a mazauninsa.

Abba Mai Waya:
To na ji, amma dai ba za ku ce babu mu'ujiza ba.

Abu Sumayya:
Ba wanda ya ce haka. Cewa muka yi kada a rataya ta a ƙusar da za a iya zarewa.

Anti Likita:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, ina bakin aiki ne. Ku kuna maganar taurari, ni a ɗakin duba marasa lafiya nake haɗuwa da wannan tambayar kullum. Da azumi ya kama, rabin tambayoyin da ake yi mini ba na magani ba ne tsantsa. Likita, maganin ɗigawa a ido yana karya azumi? Allurar insulin fa? Abin shaƙa na masu asma fa? Mai ciwon suga ya ce mini zai yi azumi ko zai mutu, ni kuma ina kallon sakamakon gwajinsa na san akwai haɗari. In na ce masa kada ya yi, sai ya ce ni ba malama ba ce. In ya je wajen malami, malamin kirki zai ce masa me likitarka ta ce. Ai kun ga an dawo kaina.

Malaman da suka yi maganar abin da ke shiga ta ido ko ta kunne, sun gina ne a kan sanin jikin ɗan'adam na zamaninsu. Yau mun san ido yana da 'yar hanya da ke sauka hanci har maƙogwaro, kunne kuwa a toshe yake muddin fatar dodon kunne ba ta huje ba. Shi ya sa da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna kan abubuwan asibiti masu karya azumi a Jidda a 1997, sai da ta saurari likitoci.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne mutuwa. Mutum yana kan injin numfashi, zuciya tana bugawa, ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya. Rayayye ne ko matacce? A cire injin ko a bari? Yaushe matarsa za ta fara takaba, yaushe za a raba gado? Ita wannan majalisar ta tattauna shi a Amman a 1986, ta yarda a cire injin idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki ba dawowa. Ni zan iya gaya maka ƙwaƙwalwa ta mutu. Amma ko wannan shi ne fitar rai, ba a koya mini a makarantar likitanci ba. Ranar da na fara tsayawa gaban iyalan irin wannan majiyyaci, babban ɗansa bai tambaye ni sunan cutar ba, cewa ya yi, "Likita, in muka yarda a cire, mun kashe shi?"

Mai Alli:
Innalillahi. Anti, wannan ta fi ƙarfin allo da alli.

Abu Sumayya:
Allah ya saka da alheri Anti. Malaman usulu suna da ƙa'ida: hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin. Mufti da bai san yadda injin yake aiki ba, bai kamata ya yi saurin magana ba. Ga misali biyu daga babi ɗaya. Mafi ƙarancin muddar ciki wata shida, an ciro shi ne da ɗebewa: wata aya ta ce ɗaukar ciki da yaye wata 30 ne, wata ta ce shayarwa shekara biyu ce cikakku, wato wata 24. Saura 6. Ana jingina wannan fahimta ga Sayyidina Ali. Amma mafi tsawon muddar ciki babu nassi a kai, shi ya sa aka sami masu cewa shekara biyu, masu cewa huɗu, har da biyar, bisa labaran da suka ji daga mutane. Na farkon yana nan daram. Na biyun kuwa, tunda a kan labari aka gina shi, dole a saurari masu na'urar duba ciki.

Sarkin Gardama:
Ka faɗi wannan a wani zauren ka ga yadda za a yi maka ca. Kuma tunda kowa yana kawo labarin zuma, bari in kawo na harbin. A 1633 kotun coci ta sa Galileo ya janye maganarsa cewa ƙasa ce ke zagaya rana, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida. Mu ma kada mu yi dariya: ɗakin nazarin taurari da Taƙiyuddin ya gina a Istanbul a 1577, shekara uku kacal ya yi aka rushe shi, da hannun manyan malaman fada a ciki. In za a lissafa alaƙar addini da ilimi, a lissafa har da wannan.

Baban Rahila:
Ban musa ba. Cocin ma ta amsa kuskurenta a kan Galileo a 1992, bayan shekara 359. An makara, amma an faɗa.

Injiniya Mai Awo:
Gaskiya ne Sarki, sai dai ka lura ko a labarin Istanbul ɗin akwai siyasar fada a ciki, ba fatawa zalla ba. Kuma ɗakin nazarin taurari na Maraga da Nasiruddin Ɗusi ya fara ginawa a 1259, da kuɗin waƙafi aka riƙe shi. Hannun da ya gina wani, irinsa ne ya rushe wani. Ni abin da na ɗauka, alaƙar tana nan ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Faɗa ma ai sai da kusanci.

Hajiya Akanta:
Ku matsa mini in shigo da maganar kuɗi, tunda nan ne kowa ke gyara zama. Zakka ɗaya bisa arba'in ce, wato 2.5 cikin ɗari, a shekarar wata mai kwana 354. Kamfani kuwa yana rufe littafinsa a shekarar rana mai kwana 365. Bambancin kwana 11 ɗin nan ya sa masana lissafin kuɗi na Musulunci suke cewa mai bin shekarar rana ya fitar da 2.577 cikin ɗari. Wa zai gano wannan in ba wanda ya san fiƙihu ya kuma san aikin akanta ba?

Haramcin riba kuma ya haifar da fanni sukutum. An gwada bankin ajiya marar ruwa a Mit Gamr ta Masar a 1963, aka buɗe Bankin Musulunci na Dubai a 1975, yau har gwamnatin Ingila ta taɓa fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, a 2014. Amma zan faɗi gaskiya ko da za a ji haushi. Wani lokacin in na duba takardun murabaha, wato cinikin da banki ke sayen kaya ya sayar maka da ƙarin riba, na ga yadda aka auna ribar da ma'aunin kuɗin ruwa na kasuwa, sai in tambayi kaina ko suna kawai muka canza. Malamin da ke sa hannu a kan yarjejeniyar, in bai iya karanta lissafin da ke bayanta ba, za a iya wuce da shi ta gabansa yana kallo. Af, Baban Rahila, wanda ya fara buga bayanin tsarin shigar da lissafi gida biyu da muke amfani da shi, Pacioli, a 1494, shi ma ɗan zuhudu ne. Naku ne.

Baban Rahila:
Hajiya, ashe har a ofishinki muna da wakili.

Malama Mai Nahawu:
Ba wanda ya tuna da harshe? Tsoron kada a yi kuskure a karatun Alƙur'ani yana cikin abin da ya sa aka ɗiga wa haruffa ɗigo da wasali, aka tsara nahawu. Sibawaihi da ya rubuta babban littafin nahawun Larabci Bafarishe ne ma. A ɗaya gefen kuma, harsuna da yawa a duniya masu fassara Littafi Mai Tsarki ne suka fara rubuta su. Na wuce, ina da aji.

Shugaban Zaure:
Jama'a ana ta turo mini saƙo a gefe cewa a rufe zancen kafin ya zama rigimar addini. Ni ban ga rigima ba, na ga ilimi. A ci gaba, amma wanda ya zagi wani zan cire shi.

Sarkin Gardama:
To ni dai ga inda na tsaya. Na yarda addini yana jefo tambaya, yana kuma cewa wannan halal wannan haram. Ban yarda yana canza amsar awo ba. Ɗan sama-jannatin Malesiya da ya je tashar sararin samaniya a 2007 cikin watan azumi, tashar tana zagaya duniya kusan sau 16 a kwana ɗaya. Malaman ƙasarsa ba su ce ya yi salla 80 ba, wato biyar a kowane zagaye, kuma ba su ce injiniyoyi sun yi ƙarya ba. Sun karɓi lissafin yadda yake, suka ce ya bi lokacin wurin da aka harba shi. Haka nake so a riƙa yi.

Abu Sumayya:
Ai ka dawo gida ba ka sani ba, abin da nake faɗa tun safe ke nan.

Sarkin Gardama:
A'a Malam, kai ne ka taho wajena.

Mai Alli:
Ku dai ku sasanta. Ni na sami abin da zan gaya wa ɗalibata ranar Litinin: rabin da biyu bisa ukun ba ni na ƙirƙiro su ba, ba kuma lissafi ne ya ba da su ba, amma in ba ta iya daidaita su ba, wata rana za a ci haƙƙin wata a gabanta ba ta sani ba. Malam Abu Sumayya, a taimaka mini da wata mas'alar in ba su aikin gida.

Abu Sumayya:
Ga ta, ana kiranta Mimbariyya, domin an ruwaito cewa Sayyidina Ali yana kan mumbari aka jefo masa ita ya amsa nan take. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Mata sumuni, 'ya'ya biyu bisa uku, uwa sudusi, uba sudusi. Nawa matar za ta samu a ƙarshe? Kada wanda ya karanta fara'ili ya amsa.

Sarkin Gardama:
Daga 24 za a fara. Mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Ya zama 27. Uku cikin 27, ɗaya bisa tara ke nan. Sumuninta ya koma tusu'i.

Abu Sumayya:
Amsar da aka ruwaito daga kan mumbarin ke nan, kusan kalma da kalma.

Sarkin Gardama:
Kuma ko alwala ban yi ba.

Anti Likita:
To tashi ka yi, an kusa kiran la'asar. Malam Mai Alli, in yaran sun kawo amsoshinsu ka turo mana mu ga nawa ne za su tsaya a 24.